Agogon zamani a matsayin kwamfutar nutso: ya isa kuwa, kuma nawa zai ci?

Bakano_a_Masar:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka riga mu shiga harkar nutso da tukunyar iska ce. A hutun da ya wuce na je Dahab, wani gari a bakin teku a nan Masar, na yi kwas ɗin farko na PADI, ƙungiyar horar da masu nutso, wanda ke ba mutum damar sauka har mita 18, yanzu nutsona tara ke nan. Duk zuwan da na yi hayar kwamfutar nutso nake yi, yau a ba ni wannan gobe a ba ni waccan, kafin in gane kan maɓallanta har mun fito daga ruwa. To akwai abokin karatuna da ya gama zai koma gida, yana son sayar da Apple Watch Ultra ɗinsa, na farkon nan, ya ce min ana nutso da shi sarai. Abin da ya ja hankalina shi ne kullum zan ɗaura abina, ba sai ranar shiga ruwa ba. Da gaske ya wadatar? Kuma in aka tattara duk kuɗin da zai ci, ya fi sayen kwamfutar nutso ta ainihi sauƙi, ko zaƙin bakin mai sayarwa ne kawai?

Gwanin_Zolaya:
Bakano da nutso a teku! Mutumin da iyakarsa Tiga ranar yawon sallah. Allah Ya fito da kai lafiya.

Kawu_Abhur:
Wa alaikumus salam ɗana. Abokinka bai yi maka ƙarya ba, amma bai ƙarasa maka zancen ba. An fitar da agogon a Satumbar 2022 a kan dala 799, jikinsa na jure ruwa har mita 100, sai dai nutson da aka amince a yi da shi mita 40 ne, wanda dama nan ne iyakar masu nutson shaƙatawa irinmu. Manhajar da ke zuwa a cikinsa zurfi kawai take nuna maka, da sanyin ruwa, da tsawon lokacin da ka yi a ƙasa. Wannan ma'auni ne, ba kwamfutar nutso ba. Aikin kwamfuta shi ne ta riƙa ƙiyasta naitirojin ɗin da jikinka ya sha, ta ce maka saura minti kaza ka fara hawa. Kafin agogon ya yi wannan sai ka sauke Oceanic+, ta kamfanin Huish Outdoors, kuma wannan ɓangaren nata na kuɗi ne. Da ta fito a Nuwambar 2022, dala 9.99 ne a wata, ko 79.99 a shekara. Ka duba farashin yau da kanka kafin ka yanke shawara.

Ni a nan Jidda na nutsa da mutane da dama masu ɗaure da shi, lissafinsa bai yi nisa da na kwamfutata ba.

Lissafi_Dole:
To bari mu ɗauki biro. Sabo dala 799. Kuɗin manhaja na shekara biyar, 80 sau biyar, 400. Jimla kusan 1,200 ke nan. Cressi Leonardo ko Mares Puck Pro ko Suunto Zoop Novo kuwa, tsakanin dala ɗari biyu da ɗari uku da 'yan kai za ka samu, ka biya sau ɗaya an gama, batirinsu irin mai kama da kwabo ne da kai ma za ka iya canzawa. Wanda ke ɗaukar albashi da naira ko fam ɗin Masar ya mayar da wannan tazarar zuwa kuɗinsa ya gani ko barci zai ɗauke shi.

Maman_Hanan_KL:
Malam @Lissafi_Dole, lissafinka daidai ne amma na mai nutso duk mako ne. Waye ya ce dole a biya na shekara? Ni da maigidana sau biyu muke zuwa tsibirin Tioman na Malesiya a shekara, tunda damina na rufe tsibirin na wasu watanni. Watan da za mu je na biya na wata ɗaya, in mun dawo na soke. Dala ashirin ke nan a shekara. Sannan agogon ba don nutso na saye shi ba, da shi nake motsa jiki, da shi nake ganin kiran makarantar yara in waya na cikin jaka. Kuɗinsa ba a wuyan nutso kaɗai za ka rataya shi ba.

Abin da na fi so a ciki shi ne hasken fuskarsa. Idanuna sun fara gajiya, waɗancan masu baƙin rubutu a kan toka-toka sai na ƙura musu ido sosai a ƙarƙashin ruwa. Kuma in na yi saurin hawa, girgiza yake min a hannu, ina jin ta ko ta saman rigar nutso. Ƙarar "ƙit-ƙit" ɗin nan ta sauran, in kuna da yawa a ruwa ba ka ma sanin ta waye ke kuka.

Lissafi_Dole:
Hajiya na karɓi gyara a kan na wata-wata. Amma ke kina da agogon tun farko. Shi saya zai yi. Bambancin ke nan.

JikanSarkawa:
Ni fa duk wannan magana mamaki take ba ni. Kakana a Yauri yakan nutsa ya kwance tarun da ya sarƙe a gindin kogi, ba agogo ba tukunya, ya fito ya ci tuwonsa. Ku je Argungu ku ga gasar nutso a Matan Fada. Wa ya taɓa ɗaura musu kwamfuta? Iya ruwa fid da kai.

LikitaBazazzagi:
@JikanSarkawa Allah Ya jiƙan kaka, amma nutsonsa da nasu ba ɗaya ba ne. Shi numfashi ɗaya yake ja a sama ya riƙe, ya sauka, minti ɗaya ko biyu ya dawo. Mai tukunya kuwa a can ƙasa yake ta shaƙar iska, kuma iskar na shigarsa ne da matsin wurin da yake. Duk mita 10 matsi na ƙaruwa da kwatankwacin na sararin da muke ciki. A mita 10 ya ninka biyu, a mita 30 ya ninka huɗu. Kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, jiki ba ya amfani da shi, sai dai ya narke cikin jini da tsoka gwargwadon zurfi da daɗewa. In ka hau a hankali, huhu zai fitar da shi. In ka yi gaggawa, abin da ke faruwa da kwalbar lemo in an girgiza ta aka buɗe, shi zai faru a jikinka: kumfa a gaɓoɓi, a laka, wani lokaci har ƙwaƙwalwa. Maganinsa sai an sa mutum a ɗakin matsi ana ba shi oksijin na sa'o'i.

Tun 1908 John Scott Haldane ya tsara jadawalin farko na hawa daki-daki saboda sojojin ruwan Ingila. Daga baya wani likita a Zurich, Albert Bühlmann, ya inganta lissafin, kuma nasa ne Oceanic+ ke amfani da shi, haka kwamfutocin kamfanin Shearwater, haka na Garmin. Saboda haka ta fuskar lissafi, agogon ba wani baƙon abu ya ƙirƙiro ba. Sai dai a sani, babu wadda ke auna jininka a cikinsu. Dukansu ƙiyasi suke yi daga zurfi da lokaci.

JikanSarkawa:
Likita na gode, yau na ƙaru. Ashe shi ya sa ake cewa mai tukunya kada ya riƙe numfashi in yana hawa?

LikitaBazazzagi:
Wannan kuma wata matsalar ce daban, ta huhu. Iskar da ka shaƙa a mita 10 in ka riƙe ta har sama za ta kumbura ninki biyu. Huhu ba balan-balan ba ne.

DanPortSudan:
Ni batir ne damuwata, ba lissafi ba. Kafin yaƙin Sudan ina aiki a jiragen da ke ɗaukar baƙi su kwana a teku mako guda, mu je Umbria, jirgin Italiya da aka nutsar a 1940 dab da tasharmu, mu wuce Sanganeb, mu je Sha'ab Rumi inda Cousteau, Bafaranshen nan mai binciken teku, ya kafa gidansa na ƙarƙashin ruwa a 1963. A irin wannan tafiya nutso uku ko huɗu ake yi a rana, na farko tun hantsi bai yi ba. Kwamfutata ta gargajiya sai ta shekara ban taɓa batirinta ba. Agogon Apple kuwa awa 36 suka ce yana yi a amfanin yau da kullum, nutso kuma ya fi cin wuta. Ma'ana kullum dare sai caji, a jirgin da mutum ashirin ke rububin soket.

Ga abin da sababbi ba sa ganewa. In kwamfutarka ta mutu a tsakiyar rana, ba za ka ari ta wani ka ci gaba ba. Naitirojin ɗin nutson safe yana jikinka, ita kuma ta aron ba ta san da shi ba, za ta ɗauke ka kamar yanzu ka taso daga gado. Ƙa'ida ita ce ka zauna a jirgi awa 24. Ni kaina ya taɓa faruwa da ni da wani agogo mai caji da aka ba ni kyauta, laifina ne, hira ta ɗauke ni na kwanta ban sa shi a wuta ba. Ina zaune ina shan shayi abokaina suna fitowa suna ba ni labarin kifayen da suka gani.

Maman_Hanan_KL:
Wannan gaskiya ne. Ni nutso biyu nake yi a rana in koma masauki, shi ya sa ban taɓa jin abin ba. Amma ko ni, in ya sauka ƙasa da rabi ba na shiga ruwa da shi.

Bakano_a_Masar:
Kawu da kowa na gode ƙwarai. @DanPortSudan wannan batun aron kwamfuta ya taɓa ni, domin a zuwana na ƙarshe wadda aka ba ni da yamma ba ita ce ta safe ba, kuma ban ce komai ba don ban san da matsala ba. Wata tambayar: ta yaya zan haɗa agogon da wayata? Samsung ce.

Gwanin_Zolaya:
Innalillahi. Mun yini muna gini ashe ba fili.

MaiWaya_FarmCentre:
Yallaɓai ai nan zancen ya tsaya. Apple Watch ba ya tashi sai da iPhone, ko kunna shi na farko ba za ka iya da Samsung ba. Sai ka ƙara kuɗin waya a lissafin Malam @Lissafi_Dole. Kuma tunda na hannu ne, ko da kana da iPhone ɗin, abu biyu: ka tabbata mai shi ya cire shi daga asusunsa na iCloud a gabanka kafin ya hau jirgi, in ba haka ba ka sayi abin ado. Na biyu, ka tambaye shi ko an taɓa buɗe shi ko canza gilashi. Mu nan in an buɗe agogo an mayar da gam, ko wanka ba ma ba da shawarar a yi da shi, balle mita talatin. Apple da kansu suna da gwajin zurfi da na toshewar ruwa da suke yi wa Ultra.

Bakano_a_Masar:
Ikon Allah. To Galaxy Watch Ultra fa? Na gan shi a shagunan titin Abdel Aziz, an rubuta 10 ATM, wato jure ruwa na mita 100.

Kawu_Abhur:
A'a ɗana, kada sunan ya ruɗe ka. Wannan na iyo ne, ba a yi shi don nutso da tukunya ba, su Samsung ɗin ma haka suka faɗa. Rubutun mita 50 ko mita 100 a bayan agogo gwajin matsi ne a ɗakin gwaji, ba izinin sauka ba ne. Abin da za ka nema shi ne EN 13319, ma'aunin kayan auna zurfi na masu nutso, sannan ka tabbata yana lissafin naitirojin.

In Android kake riƙe da ita kuma kana son abu ɗaya na kullum da na ruwa, Garmin za ka duba. Descent G1 ya fito a 2022 a kan dala 550, fuskarsa ba launi, amma batirinsa na yin makonni, kuma ba kuɗin wata. Fenix 8 na 2024 shi ma ana nutso da shi har mita 40, daga dala dubu ya fara. Manyansu irin Mk3i har iskar da ta rage a tukunya suke nunawa, in ka sayi 'yar na'urar da ake ɗaurawa a kan tukunyar, amma wannan kuɗin mota ne a gida.

Lissafi_Dole:
Kawu ya aka yi suke karanta tukunya? Na ɗauka Bluetooth ba ya aiki a ruwa.

Kawu_Abhur:
Ba ya yi. Garmin da sautin sona suke turawa, wasu kamfanonin kuma da rediyo mai ƙaramin zango da ke iya ratsa ɗan taƙi. Duk da haka ni ban cire ma'aunin allura daga tukunyata ba. Da matsin iska bar 200 a tukunya muke shiga, da 50 muke fitowa, allura ba ta taɓa cewa a yi mata caji ba.

Injiniya_Fatakwal:
Ina ta karantawa ina murmushi. Mu da nutso ya zama mana hanyar abinci, a bututun mai da gindin jirage, ba wanda ke dogara da abin hannu. Iska daga sama ake turo mana ta tiyo, shugaban aiki na zaune da jadawali da agogon gudu, shi ke karanta zurfinka, shi zai ce hau, shi zai ce tsaya. Ba ina cewa ku yi haka ba, aikinku daban. Amma ƙanena @Bakano_a_Masar, nutso tara gare ka. Ka san jadawalin da aka koya maka a kwas? A mita 18 minti nawa aka yarda ka daɗe? Mita 30 fa?

Bakano_a_Masar:
Mita 18 minti 56 ne in ban manta ba. Na mita 30 sai na duba.

Injiniya_Fatakwal:
Minti 20. Madalla da na farkon. Ka haddace su, domin ranar da abin hannunka ya nuna maka minti 70 a mita 30, ya kamata cikinka ya ba ka cewa wani abu ya lalace. Da dala 800 a hannuna ina matsayinka, kwamfutar dala 250 zan saya, ragowar in yi kwas na gaba in ƙara nutso talatin. Abin da zai hana ka harbawa sama kamar kwalba shi ne iya daidaita kanka a ruwa, ka tsaya cak a mita 5 na minti 3 ba tare da kana wutsil-wutsil ba. Wannan ba a sayar da shi a shago.

Maman_Hanan_KL:
Yallaɓai Injiniya ba na jayayya da kai a kan ƙwarewa. Amma kada a mayar da abin kamar mai agogon zamani ɗan wasa ne. Kwamfutar da mutum ya san kanta, yake ɗaure da ita kullum, ya san ma'anar kowane launi, ta fi ta haya da aka miƙo masa a bakin ruwa. Shi ma abin da ya kawo mai tambayar ke nan tun farko.

Injiniya_Fatakwal:
A nan mun haɗu Hajiya. Tasa ta kansa, ko wace iri ce.

Bazabarme_Yamai:
Ban taɓa nutso ba, karatu kawai nake. Iyakar mita 40 ɗin nan, in mutum ya wuce ta fa?

DanPortSudan:
Agogon zai yi maka gargaɗi, kuma ba a gina shi don ya jagorance ka a can ba. Amma wanda ya wuce 40 da tukunya ɗaya ta iskar yau da kullum, matsalarsa ta fi ta agogo. Tun daga wajen mita 30 naitirojin ke fara sa maye, mutum ya riƙa yanke shawarar banza yana jin daidai yake. Mai tambaya a Dahab yake nutso, ya san Blue Hole, ramin nan mai zurfi a bakin tekun. Ƙofar dutsen nan da ke ƙasa wajen mita 55 take, kuma allunan sunayen da aka kafa a jikin dutse a bakin wurin ba na ado ba ne. Masu zuwa irin wannan zurfin horonsu daban, gaurayen iskarsu daban, kwamfuta biyu suke ɗaurawa, galibi Shearwater.

LikitaBazazzagi:
Tunda an ambaci Dahab, in ƙara abu ɗaya da ya shafi ɗalibanmu. Da yawa suna haɗa tafiyar da hawan Dutsen Musa a Saint Catherine, wanda tsayinsa mita 2,285 ne. Hawa dutse bayan nutso daidai yake da hawa jirgin sama. Shawarar DAN, ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso, ita ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere. Ko agogo ko kwamfuta, duk suna nuna wannan ƙidayar, amma fa sai wadda ta shiga ruwan tare da kai. Wadda ka mayar wa shago ba za ta bi ka mota ta tuna maka ba. Ku fara da dutsen, ku ƙare da ruwa, sannan ku bar kwana ɗaya kafin jirgi.

Kawu_Abhur:
Haka muke fama da masu zuwa Umara su ce a kai su ruwa da safe alhali jirginsu na dare ne. Ba na kai su.

Lissafi_Dole:
Mu dawo kan kuɗi don Allah. Akwai abin da ba a faɗa ba: tsufa. Agogon zamani waya ce a hannu, bayan 'yan shekaru batir ya yi sanyi, sabunta manhaja ya tsaya. Na 2022 ake maganar saya, an riga an yi Ultra 2 a 2023. Kwamfutar nutso kuwa ana shekara goma da ita. Akwai tsaka-tsaki ma, Shearwater Peregrine, wajen dala ɗari biyar, fuska babba mai launi, ba kuɗin wata. Hajiya wannan ya magance matsalar idon.

Maman_Hanan_KL:
Ya magance, amma ba zan je walima da shi a hannu ba, kamar an ɗaura ƙaramar talabijin.

Gwanin_Zolaya:
Hajiya ai sai ki ce sabon yayi ne daga Malesiya, wallahi kafin sati kin ga an fara nema a Kantin Kwari.

Bakano_a_Masar:
Na yi magana da abokin nawa, ya ce ba a taɓa buɗe shi ba, amma da na ce masa sai na sayi iPhone sai ya yi dariya ya ce shi ma zai sayar min da tasa. Kuɗin biyun ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Yanzu hankalina ya rabu tsakanin Zoop Novo da jira in tara na G1. Zuwan da zan yi bayan jarrabawa dai haya zan sake yi, sai dai zan ce su rubuta sunana a jikin guda ɗaya in riƙe ta har in gama. Kawu, in na ɗauki Zoop ɗin, zai yi min in na fara amfani da naitiroks, iskar nan da aka ƙara wa oksijin?

Kawu_Abhur:
Zai yi. Sai dai Suunto nasu lissafin daban ne, RGBM, kuma an san shi da tsauri a nutso na biyu da na uku, za ka ga yana kiranka sama kafin na abokin nutsonka. In hakan ta faru, wadda ta fi tsauri ake bi, ba a gardama da ita a ƙasa. Naitiroks kuma sai ka yi kwas ɗinsa tukuna, ka auna tukunyarka da hannunka, ka shigar da adadin daidai. Mai oksijin kashi 32 iyakarsa wajen mita 34.

Injiniya_Fatakwal:
Kuma ka karanta littafin da ke cikin kwalin tun a Alƙahira. Ba a fafe gora ranar tafiya.

MaiWaya_FarmCentre:
Yallaɓai @Bakano_a_Masar, tunda kai ka fasa, nawa abokin naka ya ce zai sayar da agogon da wayar? In ta Kano zai sauka ka ce ya neme ni, amma ya zo da kwalin da cajar.